Tsohon Gida Ba Ya Faɗuwa Sai An Daina Yaɓe

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)





Lokacin da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabi a bana, sai da na karanta ta sau biyu, don ina tsammanin ya yi kuskuren suna. Duk wanda muka zauna aji ɗaya da shi ya san ni ba gwanin magana ba ne, sai dai gwanin surutu, kuma sunana bai taɓa ɓacewa daga takardar monita ba. To amma tun da an ɗora mini, ba ni da ta cewa. An ba ni zaɓin abin da zan yi magana a kai. Wasu sun ce in yi bayanin aikin gwamnati, wasu sun ce in yi wa ɗalibai nasiha. Ni kuwa na ga ban isa yin nasiha a gaban waɗanda suka yi mini ita ba. Saboda haka zan ba ku labarin wata ziyara da na kai wasu tsofaffin gidaje biyu a Kano, da abin da ziyarar ta tona mini game da gidanmu na gado a nan Boɗinga, da kuma wata ɓarna da na yi da hannuna ina tsammanin gyara nake yi.

YADDA ABIN YA FARO

Akwai wani abokin aikina a ma'aikatarmu da aka tura kwas ƙasar Sin. Da ya dawo bai bar mu mun sha ruwa ba. Kullum aka tashi hutun azahar sai ya fito da waya yana nuna mana hotuna. Cikin abin da ya fi ɗauka har da wani lambu a birnin Sujo, mai tafkuna da 'yan gadoji da rumfuna da duwatsu da aka jera kamar ba hannu ne ya jera su ba. Ya ce wani ma'aikacin gwamnatin sarki ne ya fara gina shi wajen shekarar 1509, bayan ya gaji da aiki ya koma garinsu, kuma sunan da ya sa wa wurin yana nufin lambun ma'aikaci maras dabara, wato yana yi wa kansa ba'a. Muka yi dariya muka ce ashe irinmu sun daɗe a duniya. Lambun ya sha canza hannu, ya lalace, aka gyara, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1997 tare da wasu lambunan birnin.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ya rufe da ita. Cewa ya yi, "Su mutane ne masu tarihi. Mu me muke da shi in ban da ƙasa da kara?" Na so in yi masa musu, amma na rasa abin da zan nuna masa. A ranar na tuna malaminmu na tarihi, wanda nake hangowa can a layin gaba, Allah ya ƙara masa lafiya. Ya sha gaya mana cewa wanda bai san abin da ke bayan gidansu ba, kowa ya zo da labari sai ya saye shi. Malam, a lokacin muna ƙosawa a kaɗa ƙararrawa. Yau ga shi na zo da kaina ina maimaitawa.

GIDAN ƊAN HAUSA

Bayan 'yan watanni sai aiki ya kai ni Kano, taron kwana uku. A rana ta biyu aka tashi da wuri, sai na ce bari in je in ga Gidan Ɗan Hausa da ke unguwar Nasarawa, wanda na sha jin sunansa a rediyo. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ga waɗanda ba su sani ba, Ɗan Hausa laƙabi ne da Kanawa suka sa wa wani Bature mai suna Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan, wanda ya yi wa Ingila aiki. Ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya kuma iya Hausa ƙwarai, dalilin laƙabin ke nan. Shi ne ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a 1909, inda aka riƙa kawo malamai da 'ya'yan sarakuna daga lardunan Arewa, ana koyar da su da Hausa, ana kuma koyar da sana'o'in hannu. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Ashe ke nan duk wanda ya zauna a ajin wannan makaranta tamu yana da 'yar alaƙa da wannan gida, ko ya sani ko bai sani ba. A yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, an mai da shi wurin ajiye kayan tarihi.

Na isa da rana tsaka, ana zafin da kowa ya sani. Abin da na fara lura da shi tun daga nesa shi ne zankwaye a kan soro, da zanen da aka yi wa fuskar ginin. Amma abin da ya fi kama ni sai da na sa ƙafa ciki. Sanyi na ji ya sauko mini, alhali ba fanka ba na'ura. Na dafa bango na ji kaurinsa, na ɗaga kai na ga bakuna sun taso daga bango sun haɗu a tsakiyar rufi. Nan take gabana ya faɗi, domin na san wannan rufi. Irinsa ne a zauren kakana. A ƙarƙashin irinsa na yi karatun allo. Ban taɓa ɗaga kai na dube shi da idon daraja ba sai a garin wasu, bayan na biya kuɗin shiga.

Da na fito sai na zauna a filin gidan, ƙarƙashin itatuwa. Ba tafki, ba gada, ba irin abin da abokina ya nuna mana. Amma na gane cewa manufar ɗaya ce, wato mutum ya keɓe wuri a cikin hayaniyar gari inda zai sami inuwa da iska da natsuwa. Su sun yi da ruwa da dutse domin shi suke da shi. Mu namu lambun itace ne da inuwa da tsakar gida mai shara, domin abin da ƙasarmu ta fi buƙata ke nan.

GIDAN MAKAMA

Washegari na shiga cikin birni na je Gidan Makama, wanda ke daura da fadar Sarkin Kano. Tarihin Kano yana danganta asalin wannan gida da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ku lura da wannan lissafi, jama'a. Wato asalin Gidan Makama ya girmi lambun nan na ƙasar Sin da aka yi mana alfahari da shi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan, daga baya aka mai da wani sashe nasa gidan tarihi a ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A ciki na ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da kayan yaƙi, da kayan sana'a, da hotunan Kano ta da.

Na tambayi ma'aikacin da ke zagayawa da mu, na ce, "Malam, yaya aka yi ginin ƙasa ya kai wannan shekaru?" Ya yi murmushi ya ce ai ba ƙasar farko ce nake gani ba. Ginin ƙasa, in ji shi, kamar gona yake. Ba a gama shi. Kowace shekara kafin damina sai an duba rufi, an buɗe indararo, an toshe tsaga, an sabunta yaɓe. Abin da ya daɗe ba ƙasar ba ce, hannun da ke komawa kanta ne. Ran da hannun ya ɗauke, damina biyu ko uku sun isa.

Wannan magana ita ce kan jawabina, kuma ita ce ta hana ni barci a daren nan a masauki.

ƁARNAR DA NA YI

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Gidan kakana yana nan cikin tsohon gari. Wasu daga cikin 'yan ajinmu sun san shi, don sun sha fura a zaurensa ranar da muka tsere daga aikin gona. Gida ne mai zaure biyu da shigifa, da turakar mai gida, da ɗakunan mata a ciki, da rumbuna, da tsamiya babba a tsakar gida. Muna yara, duk shekara in bazara ta kama, sai kaka ya sa a kawo ƙasa a kan jakuna, a kwaɓa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan magini ya hau. Mu yara aikinmu miƙa curi da ɗebo ruwa. Ranar kamar biki take, har tuwo ake ƙarawa.

Da kaka ya rasu sai gidan ya zama na kowa, wanda ke nufin ya zama ba na kowa ba. Baffanina wasu suna Sakkwato, wasu Kaduna, wani Legas. Kowa na jiran wani ya fara. Aka shekara biyar ba a yi yaɓe ba. Ni kuma ga ni na gama jami'a, na sami aiki, ina jin kaina wayayye. Da aka biya mu wasu kuɗaɗen ariya sai na ce zan fitar da gidanmu kunya. Na sayi buhunan siminti, na ɗauko birkila, na sa aka shafe bangon shigifa da na turaka, aka yi fenti. Kowa ya zo yana sa mini albarka. Gwaggona ce kaɗai, wadda ta rage a gidan, ta dube shi ta ce, "Wanga abu da kac ce gyara ne, bangon ga ba shi shan iska." Na yi dariya na ce tsufa ne.

A daminar 2020, wadda kowa ya san irin ruwan da aka yi da irin asarar da aka tafka a jihohin Sakkwato da Kabi, cikin dare bangon turaka ya zube, ya ja rabin shigifa. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Da na zo da safe na ga abin da ya ba ni mamaki. Simintin ya ɓare fale-fale kamar ɓawon ƙwai, ƙasar da ke bayansa kuwa ta zama kunu. Zauren waje, wanda kuɗina bai kai in shafe shi ba, yana nan tsaye.

Sai daga baya na fahimci dalili. Siminti da ƙasa ba sa tafiya tare. In rana ta buga, kowanne da yadda yake motsawa, sai siminti ya tsage ya rabu da bango. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya sami wurin zama a baya, kuma ba shi da hanyar fita domin siminti ya rufe. Yaɓen ƙasa kuwa in ya jiƙe, rana na fitowa sai ya bushe. Bugu da ƙari, birkilan ya toshe indararo guda don kada ya ɓata masa fenti, ruwan rufi ya rasa mafita. Ashe gaskiyar Gwaggo ce. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

ILIMIN DA KE CIKIN ƘASA DA KARA

Bayan na dawo daga Kano sai na shiga neman maginin gargajiya. Abin baƙin ciki, a garinmu na tarar waɗanda suka yi wa kaka aiki duk sun rasu, 'ya'yansu sun koma buga bulo ko acaɓa. Sai da aka yi mini kwatancen wani dattijo a wani ƙauye ta wajen Shagari. Na same shi yana gyaran rufewa. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, kai da boko mi kaka yi da zauren ƙasa?" Na ce, "Baba, boko ne ya rushe mini rabi, shi ya sa na zo."

Kwana uku na yi ina bin sa, kuma abin da na koya ya fi ƙarfin jawabi ɗaya. Zan kawo kaɗan don ƙannenmu ɗalibai su san cewa akwai lissafi a ciki. Tubali ba a yin sa da kowace ƙasa, sai mai danƙo, a haɗa da ciyawa, a mulmula shi mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya ya bushe sarai. Bango ana fara shi da kauri a ƙasa, yana sirancewa yana hawa, don nauyi ya zauna a gindi. Kaurin nan shi ne sirrin sanyin da na ji a Kano, domin kafin zafin rana ya ratsa bango ya iso ciki, dare ya yi. Azara kuwa daga giginya ake tsaga ta, an zaɓe ta ne don ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cika damunta ba. Amma azara ɗaya ba ta ɗaukar rufin ƙasa in faɗin ya wuce kamar kamu huɗu. To yaya za a rufe babban zaure? Nan ne gwaninta take. Sai a dasa azara cikin bango, a riƙa ɗaura wata a kan wata hawa-hawa, kowace tana ɗan leƙowa gaba, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a sama su zama baka. In bakuna suka gicciya a tsakiya, shi ne ake kira ɗaurin guga. Sannan a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta ƙarfafa yaɓe da daɓe. A birane irin Kano kuma akwai laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi.

Wannan ilimi shi ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda masana gine-gine daga ƙasashen waje suke zuwa aunawa suna rubutu a kai. Shi ne ya tsayar da hasumiyar Gobarau a Katsina. Shi ne kuma ya sa a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin da ta sa lambunan Sujo, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27. Ke nan amsar da na rasa ba abokin aikina tana nan. Muna da shi. Riƙo ne ba mu yi.

ABIN DA KE BAYAN GIDANMU

Jama'a, mu da muka fito daga wannan yanki ya kamata mu fi kowa jin wannan magana. Ɗan taƙi kaɗan daga inda muke zaune ga Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ya baro Gwandu, yana karantarwa yana rubutu, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A zamanin zamansa na Sifawa ne, a 1812, ya raba kula da ƙasa tsakanin ɗansa Muhammadu Bello da ƙanensa Abdullahi. Shi kuma Malam Abdullahi a nan Boɗinga ya zauna a waɗannan shekaru kafin ya koma Gwandu. Wato akwai lokacin da ɗalibai daga ƙasashe masu nisa suke tattaki zuwa wannan ƙasa da muke takawa. In muka bi hanya muka gangara Shagari, garin da ya ba Nijeriya shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda aka haifa can a 1925, aka kuma rufe shi can a Disambar 2018. Kafin siyasa malamin makaranta ne, kamar waɗanda ke zaune a gabanmu. Can arewa da mu kuma, a ƙasar Binji, ga kufan Surame na Kanta, da ganuwarsa ta dutse.

Ina so kowa ya tambayi kansa tsakani da Allah. Mu nawa ne a nan muka taɓa ɗaukar 'ya'yanmu muka kai su Sifawa don su ga wurin, ban da wucewa a mota? Ni dai ban taɓa ba sai bara, alhali na shekara shida ina karatu a kusa da ita. Kuma ba manyan wurare kaɗai nake nufi ba. A kowane gari na yankin nan akwai zauren malami, ko gidan maƙeri, ko gidan sarauta, ko tsohuwar rijiya, ko wata kuka da ake kwatance da ita, waɗanda in suka tafi ba mai iya dawo da su.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce kowa ya koma ɗakin ƙasa ba. Ni kaina a gidan bulo nake haya a Sakkwato, kuma na san wahalar ginin ƙasa: yaɓe duk shekara, ga azara ta yi tsada saboda giginya ta yi ƙaranci, ga magina sun ƙare. Wanda rufi ya taɓa zubo wa iyalinsa ba za a ga laifinsa ba in ya nemi kwano. Abin da nake cewa shi ne, a cikin gidaje ɗari, a bar ɗaya ko biyu da suka fi tarihi da kyau, a riƙe su da gaske.

INDA MAGANAR GIDANMU TA TSAYA

Dattijon nan ya zo ya duba zaurenmu. Ya ƙwanƙwasa bakuna ɗaya bayan ɗaya yana saurare, ya ce azarar lafiya lau take, wanda ya ɗaura ta ya san aikinsa. Muka yi yaɓe, muka buɗe indararo, muka sake daɓe. Abin da na kashe bai kai abin da na kashe a siminti da fenti ba. Ya kawo jikansa yana miƙa masa curi, na kuma sa 'ya'yan ƙannena su ma suka miƙa.

Sai dai maganar ba ta ƙare ba. Gidan gado ne, magada sun fi ashirin, kuma an sami mai saye da ke son ya rushe ya yi shaguna. Wasu daga cikin baffanina suna son a sayar, kuma ba zan zarge su ba, don akwai mai 'ya'ya a jami'a, akwai marar lafiya, haƙƙinsu ne kuma. Da na tayar da maganar tarihi, babban baffana ya ce, "Ɗana, tarihi ba shi biyan kuɗin asibiti." Ban sami amsa ba a ranar. Abin da muke kai yanzu shi ne, mu jikoki da ke da albashi mu haɗa kuɗi mu sayi rabon waɗanda ke son sayarwa a sashen zaure da tsamiya kaɗai, sauran fili a raba yadda shari'a ta tanada. Za a zauna bayan salla. Ban san yadda za ta kaya ba, ina roƙon addu'arku.

Na karanta cewa irin wannan ta faru da wani babban gida na zuriyar Lin a tsibirin Taiwan, attajirai da suka yi arziki da cinikin shinkafa da gishiri. Lambun gidan ya lalace har baƙi suka kafa bukkoki a ciki. A shekarun 1970 magada suka miƙa lambun ga hukuma, aka gyara, aka buɗe wa jama'a a shekarun 1980. Ashe rigimar gidan gado ba mu kaɗai muke da ita ba, kuma tana da mafita in an zauna.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Mai girma shugaba, ba zan sauka ba sai na ajiye roƙo huɗu.

Na farko, ƙungiya ta ɗauki nauyin mota sau ɗaya a shekara ta kai ɗaliban ajin ƙarshe Sifawa, da Hubbaren Shehu, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Kuɗin bai kai na abincin da za mu ci yau ba.

Na biyu, a sa gasa tsakanin ɗalibai. Kowa in ya je hutu ya nemi gini ko wuri mafi tsufa a garinsu, ya ɗauki hoto, ya auna, ya zauna da tsofaffi ya rubuta abin da suka faɗa. A buga waɗanda suka fi kyau a wannan mujalla tamu. Ko ginin ya faɗi daga baya, an sami abin nunawa.

Na uku, 'yan'uwanmu injiniyoyi da masu zanen gini da ke cikin ƙungiya su nemi maginan gargajiya da suka rage a Boɗinga da Shagari da Yabo, su zauna da su, su rubuta abin da suka sani. Dattijon da na ba ku labari ya haura saba'in.

Na huɗu ya shafi nan inda muke. Itatuwan da ke bakin ajujuwa, waɗanda yayyenmu suka shuka, mu kuma aka sa mu ban ruwa da bokiti muna ƙunƙuni, su ne lambunmu. Ina roƙon duk ginin da ƙungiya za ta yi nan gaba a tsara shi yadda ba sai an sare ko ɗaya ba, kuma kowane aji da ya fita ya shuka nasa ya sa wanda zai kula da shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni na ɗauki alkawarin kuɗin man motar ziyarar farko, kuma sakatare ya rubuta, don kada in zo baɗi in ce ban faɗa ba.

A ƙarshe ina godiya ga malamanmu, waɗanda suka yi ta maimaita mana abu muna toshe kunne, ba su gaji ba. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu da daga cikinmu, Allah ya jiƙansu. Duk wanda hanya ta biyo da shi cikin gari, ya tsaya ya shiga zaurenmu ya sha inuwa, Gwaggo tana nan, furarta kuma ba ta canza ba. Kurakuran da ke cikin wannan jawabi nawa ne, a gafarce ni. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.